Makafi Suna da Sarki, Kutare Suna da Sarki: Waɗannan Fa?

A tsarin Hausawa, ko nakasa tana da sarautarta. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, akwai Sarkin Guragu. In an zalunci makaho a kasuwa ya san ƙofar da zai nufa, in gwamnati za ta raba hatsi ko keken guragu ta san wanda za ta aika wa takarda. Kurame suna da ƙungiyarsu, har da makarantar gwamnati a nan Malumfashi. Amma a kowace unguwa ta Funtuwa, a kowane ƙauye na Bakori da Ɗanja da Kafur da Ɗandume, akwai wasu bayin Allah da ba su da sarki, ba su da ƙungiya, ba su da ko suna na mutunci da ake kiransu da shi. Su ne waɗanda yara ke bi da ihu, manya ke aike ba lada, a kira su wawa, ko dolo, ko gaɓo, ko taɓaɓɓe. Muna magana ne a kan masu raunin fahimta, kuma ƙorafinmu guda ne: an bar su su yi ciwo su mutu cikin duhun kai, alhali abin da zai cece su sau da yawa bayani ne da aka yi da harshen da za su gane.

Mu fara da raba zare da abawa, domin ruɗanin suna shi ne mafarin zaluncin. Raunin fahimta yanayi ne da mutum ke tasowa da shi tun yarinta. Yana jinkirin koyo, lissafin kuɗi da lokaci na ba shi wahala, yana buƙatar taimako wajen wasu hidimomin yau da kullum. Wani nasa kaɗan ne, yana noma, yana kiwo, yana aure. Wani nasa mai tsanani ne, sai an ciyar da shi an yi masa wanka. Wannan daban yake da ciwon hauka, wanda galibi ke samun mutum bayan ya girma da hankalinsa, kuma ana shan magani a samu sauƙi. Daban yake da farfaɗiya, ko da yake wasu na haɗa biyun. Hatta kalmar galahanga da ta yaɗu a rediyo, an mai da ita buhun da ake cusa komai: mai lalurar Down, da wanda gaɓoɓinsa suka sandare saboda raunin ƙwaƙwalwa alhali fahimtarsa garau take, da yaron da ba ya son cuɗanya da mutane, duk galahanga. In suna ya ruɗe, magani ma sai ya ruɗe. Shi ya sa za a ɗauki yaron da ba ya buƙatar komai sai haƙuri da koyarwa, a ɗura masa ƙwayoyin kwantar da mahaukata, ko a turara shi har idonsa ya yi ja.

Kada wani ya ce ai 'yan kaɗan ne. Binciken da ya tattara alƙaluma daga ƙasashe da yawa ya nuna kusan mutum 1 cikin 100 na da raunin fahimta, kuma adadin ya fi haka a ƙasashe matalauta. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Funtuwa tana da mutum fiye da 225,000, Malumfashi fiye da 180,000. Ko da wannan tsohon lissafi aka yi aiki, 1 cikin 100 na nufin mutum sama da 4,000 a ƙananan hukumomi biyu kacal, cikin goma sha ɗaya da ke shiyyar Funtuwa. Yau jama'a sun ƙaru nesa ba kusa ba. Kowane ɗayansu kuma yana da uwa, ko kaka, ko yaya, wadda rayuwarta gaba ɗaya ta ɗaure a kansa. Wane ɗan siyasa ne zai yi watsi da ƙuri'a 4,000? Amma da yake waɗannan ba sa zanga-zanga, ba sa kiran gidan rediyo, sai aka yi kamar babu su.

Abin da ya fi ciwo shi ne, da yawa daga cikinsu lafiya lau aka yi cikinsu. Ruwa ba ya tsami banza. Mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida, ko babu mota, ko hanyar ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga. Jariri ya fito bai yi kuka ba, iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa na 'yan mintoci, shi ke nan an yi tabon da ba ya gogewa. Jariri ya yi shawara a makon farko, idonsa ya yi ɗorawa, a ce a jira a yi suna tukuna. Kafin nan sinadarin shawarar ya hau ƙwaƙwalwa, alhali kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske a asibiti kan wadatar in an zo da wuri. Ko kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri yana iya tayar wa wasu jarirai da wannan shawara. Zazzaɓin cizon sauro ya hau kai, yaro ya yi ta jijjiga, ya farfaɗo amma ba yadda yake ba. Sanƙarau kuwa mun san shi farin sani: annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000, ta kuma sake dawowa Zamfara da Katsina da Sakkwato a 2017. Ana ƙirga gawa, amma wa ya ƙirga waɗanda suka tashi da kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa?

Ga tamowa. A tsakiyar 2025 ƙungiyar likitocin MSF ta sanar da cewa yara 652 sun mutu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Waɗanda suka tsira da rai fa? Ƙwaƙwalwar yaro a shekaru biyu na farko take ginuwa, kuma da abinci ake ginin. Abin kunya ne a ce yankin da ke loda wa tireloli masara da waken soya da shinkafar Ɗandume zuwa kudu, shi ne 'ya'yansa ke tasowa da ƙwaƙwalwar da yunwa ta tauye. Ga ƙarancin sinadarin aidin, mai kawo maƙoƙo ga uwa da raunin fahimta ga ɗa, wanda saboda shi Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun farkon shekarun 1990. Ga gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa na har abada. Zamfara maƙwabciyarmu ce, haƙar zinare kuma ba baƙon abu ba ne a dazukanmu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Akwai kuma wanda daga halitta yake, kamar lalurar Down, wadda ke faruwa idan yaro ya zo da ƙarin ƙwayar gado guda a kan ta 21, ya zama uku maimakon biyu. Tana samun kusan jariri 1 cikin 1,000 a ko'ina a duniya, gidan sarki da gidan talaka. Babu hannun kishiya a ciki, babu aljanin rafi, uwar ba ta tsallake komai ba. Kusan rabin irin waɗannan jarirai na zuwa da matsalar zuciya, abin da ya kamata a duba tun suna cikin tsumma. Amma uwar da aka gaya mata cewa ɗanta ɗan ruwa ne, an musanya mata shi, yaushe za ta kai shi a saurari bugun zuciyarsa?

Kada kuma a ce yankinmu bai san binciken lafiya ba. A shekarun 1970, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun kafa wani babban aikin bincike a Malumfashi. An bi ƙauyuka, an ƙirga mutane, an auna zazzaɓi da tsargiya da saran maciji, sunan Malumfashi ya shiga mujallun likitancin duniya. Garin da aka iya ƙirga wanda maciji ya sara shekara hamsin da suka wuce, ba za a ce yau ba zai iya sanin yawan 'ya'yansa masu raunin fahimta ba.

Yanzu mu zo kan bayanin lafiya, inda nan ne gizo ke saƙar. Duba yadda ake isar da shi. Fosta a bangon asibiti da Turanci, ko da wata Hausa da aka jawo ta daga Turanci da ƙarfin tsiya. Takardar magani da rubutun da ko mai digiri sai ya kai wa mai kemis. Umarni a baki, cikin sauri, layi na jira: biyu da safe, ɗaya da rana, biyu da dare, kafin abinci, kwana biyar, na gaba! Mai cikakkiyar fahimta ma yakan fita yana tambayar na kusa da shi. To ina ga saurayin da bai iya rarrabe biyu da uku ba, wanda aka turo shi asibitin shi kaɗai saboda kowa ya tafi gona? Zai shanye ƙwayoyin a zama ɗaya, ko ya ajiye su ƙarƙashin tabarma. In abin ya ɓaci a ce ai ka san halinsa.

In ma an rako shi, ba a yi masa magana. Ma'aikaci na kallon ɗan rakiya: me ke damunsa? Shi mai jikin yana zaune kamar buhun da aka jingine. Mafi haɗari shi ne ɗabi'ar jingina komai ga lalurar. Yana buga kansa da bango: halinsa ne. Ya daina cin abinci: rigimarsa ce. Tana kuka dare da rana: abin nata ne ya motsa. Alhali haƙori ne ya ruɓe, ko kunne ke ruwa, ko ciki ya ɗaure kwana goma, ko wani ne ke lalata da ita. Mutumin da bai iya cewa nan ke mini ciwo ba, da jikinsa yake magana. In ba a saurari jikin ba, sai a wayi gari a ce ciwon farat ɗaya ne ya ɗauke shi, alhali ya yi wata yana faɗa ba a ji ba.

Wannan ba zargi ba ne na fatar baki. A Ingila, inda asibiti kyauta ne kuma likita ba ya wahalar samu, ƙungiyar Mencap ta fitar da rahoto a 2007 kan mutum shida masu raunin fahimta da suka mutu saboda sakacin asibiti. Wani babban bincike da ya biyo baya a 2013 ya gano cewa maza masu wannan lalura na mutuwa kimanin shekara 13 kafin sauran maza, mata kuma shekara 20 kafin sauran mata, kuma da yawa daga mace-macen ana iya kauce musu. Daga nan aka ƙarfafa duba lafiyarsu sau ɗaya kowace shekara tun daga shekara 14, aka wajabta wa asibitoci ba da bayani a sauƙaƙe, da gajerun jimloli da hotuna. In haka abin yake a inda ake da komai, mai karatu ya auna da kansa yadda zai kasance a ƙauyen da ma'aikacin lafiya ɗaya ke duba mutum ɗari a yini.

Mu manoma ne, haɗarinmu ma na manoma ne. Wa ake ba wa tankin feshi ya goya cikin rana a gonar auduga ko masara, babu takunkumi babu safar hannu? Sau da yawa wanda ba zai yi gardamar kuɗin aiki ba. A ina ake zuba ragowar maganin ciyawa da fiya-fiya? A gorar lemo, a ajiye a zaure ko bayan rumbu. Gargaɗin da ke jikin kwalbar asali da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, ita kuma gorar lemon ba ta da gargaɗi ko ɗaya. Mai raunin fahimta ya ga gorar lemo, lemo ya gani. Bayani guda, a maimaita masa shi sau goma da haƙuri, da jan ƙyalle da aka ɗaura a wuyan gorar, da kwado a ƙofar ɗakin ajiya, sun isa su tsare rai.

Sai maganar da ba a son yi: 'yan mata. Yarinya mai raunin fahimta jikinta na girma daidai da na tsararrakinta. Za ta ga jinin al'ada, kuma in ba a shirya ta ba za ta ɗauka yanka ta aka yi. Ana ɗora mata talla, ana aiken ta bayan magariba, ba a taɓa zaunar da ita an ce wannan wurin jikinki ne, ba mai taɓa shi, in wani ya taɓa ki zo ki faɗa ba. Mugaye sun san da haka, shi ya sa suke zaɓen ta: ba za ta iya ba da labari tiryan-tiryan ba, in ta bayar ma ba za a yarda ba. Ranar da ciki ya fito sai gida ya ruɗe, a rufe maganar don kare sunan dangi, mai laifi na yawonsa a gari. Kunyar da ta hana a koya mata ita ce ta miƙa ta ga kura. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Mun san amsoshin da za a ba mu, kuma mun shirya musu.

Za a ce ai ko an yi musu bayani ba sa ganewa. Ƙarya ce. Mafi yawansu nasu raunin mai sauƙi ne. Wanda ya san hanyar kasuwar Funtuwa, ya san tumakin gidansu ɗaya bayan ɗaya, ya haddace waƙoƙin talla na rediyo, zai iya koyon cewa farar ƙwaya ta safe ce, ja ta dare. Abin da yake buƙata shi ne a faɗi abu ɗaya a lokaci ɗaya, a nuna masa da hannu, a sa shi ya maimaita. Wanda nasa ya yi tsanani kuma, mai kula da shi ne ke buƙatar bayanin, ita ma galibi ba ta yi boko ba. Kuma duk bayanin da aka sauƙaƙa domin mai raunin fahimta, tsohuwa za ta amfana, wanda bai yi makaranta ba zai amfana, mai gaggawa zai amfana.

Za a ce muna fama da 'yan bindiga, ana kwashe mutane a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, wa ke ta wannan? To ai su ne farkon waɗanda masifar ke ci. In an ce a gudu, wa ake bari a baya? Wa ke fitowa ya nufi ƙarar bindiga don bai san mece ce ba? Wa ke ɓacewa a garin da aka yi gudun hijira, bai san sunan ƙauyensu ba, ɗan sintiri ya tare shi ya kasa amsa tambaya, a ɗauke shi ɗan leƙen asiri? Rashin tsaro dalili ne na ƙara kula da su. Ko katin roba da aka rataya masa, da sunansa da garinsu da lambar wayar waliyyinsa, yana iya zama bambancin komawa gida da mutuwa a hannun taron jama'a.

Za a ce mu ba Turawa ba ne, muna riƙe namu a gida. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma a faɗi gaskiyar duka: wa ke riƙon? Mace ɗaya ce, wadda ta daina zuwa biki da suna, wadda wani lokaci an sake ta saboda ta haifi irin wannan ɗa, wadda ke kwana da tambaya guda, in na mutu wa zai karɓe shi? In ƙarfinta ya ƙare, sai igiya, sai ɗaki da kwado, sai gidan mari. Duniya ta ga abin da ke cikin irin waɗannan gidaje a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna cikin Satumba, sannan a Oktoba aka buɗe wasu a Daura da cikin birnin Katsina, ga mari a ƙafa ga tabon bulala a baya. An rufe gidajen, an yi jawabai. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can saboda ba su da wata ƙofa, wace sabuwar ƙofa aka buɗe musu? Ɗa na kowa ne, haka muke cewa. To a nuna.

Za a ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita bai tsaya nan ba. A farkon Suratun Nisa'i an umarci masu riƙon dukiyar waɗanda ba su iya juya ta ba da su ciyar da su, su tufatar da su daga cikinta, su kuma yi musu magana mai daɗi. Shari'a ta ɗauke wa wanda ba shi da cikakken hankali nauyin hukunci, amma ba ta ɗauke masa haƙƙi ba: rabonsa na gado yana nan cif, waliyyi amana aka ba shi. Gona nawa ce a wannan yanki 'yan'uwa suka haɗiye da hujjar cewa mai ita bai san amfaninta ba, shi kuma yana yawo da yagaggiyar riga yana cin ragowar tuwo? Wannan cin dukiyar mai rauni ne, ko da wane suna aka kira shi, kuma muna so mu ji shi daga kan mumbari.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya. Dokar ta tanadi kula da lafiya kyauta a cibiyoyin gwamnati ga masu lalurar ƙwaƙwalwa, ta tanadi ilimi kyauta har sakandare, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, naira miliyan ɗaya ga kamfani. A 2020 aka kafa hukumar nakasassu ta ƙasa. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Takardu sun cika. Amma dokar da ba a fassara ta ba, ba a karanta ta a rediyo ba, mai yankar kati a asibiti bai taɓa jin ta ba, ita da babu duk ɗaya ne ga uwar da ke tsaye a layi da ɗanta mai shekara ashirin yana riƙe da gefen mayafinta.

Abin da muke nema ba sabon gini ba ne, ba kuma kwangila ba. Hanyar tana nan, an riga an share ta. Yaƙi da shan inna ya koya wa Arewa yadda ake shiga kowane gida: mata masu wayar da kai, masu unguwanni, limamai, alli a jikin ƙofa, har aka tabbatar a Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali. Kowace damina kuma ana bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi, wata bayan wata. Waɗannan mata sun san kowane zaure. Su ne za su iya sanin gidan da ke da yaron da ya shekara uku bai yi magana ba, da gidan da aka kulle wani a ɗaki.

Don haka, na farko, hukumar lafiya matakin farko ta jiha ta ƙara wa waɗannan ma'aikata horo na 'yan kwanaki: yadda ake gane jinkirin girma, yadda ake gane shawarar jariri, da inda za a tura. Kowace cibiyar lafiya ta gunduma ta buɗe rajistar masu raunin fahimta, ta duba kowannensu sau ɗaya a shekara: haƙori, ido, kunne, nauyi, hawan jini, farfaɗiya. A sa su cikin jerin marasa galihu da asusun kula da lafiya na matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, ke biya wa.

Na biyu, bayani a sauƙaƙe. Ledar magani mai hoton fitowar rana, rana tsaka da wata, da ɗigo gwargwadon ƙwaya. Kati ɗaya da mutum zai riƙa zuwa da shi asibiti, ɗauke da sunan da yake amsawa, maganin da yake sha, abin da ke firgita shi, da yadda yake nuna ciwo. Saƙon murya na minti ɗaya da Hausar gida, wanda za a tura ta WhatsApp a kunna masa sau goma. Rubutu da boko da ajami. Kuma kafin a buga komai, a gwada shi a kan su masu lalurar. In ba su gane ba, takardar ce ta faɗi jarrabawa.

Na uku, manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi su ware rana guda a wata, da ma'aikaci guda da aka sani da suna, domin waɗannan iyalai, da hanyar turawa Shika ko Katsina in abin ya fi ƙarfinsu. Kada a bar su a layin awa huɗu da mutumin da hayaniya ke firgita shi.

Na huɗu, masarauta. Sarkin Maska a Funtuwa da Galadiman Katsina a Malumfashi suna da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinsu. Kalma ɗaya daga fada ta isa ta sa mai unguwa ya hana yara jifa, ya sa ido kan gadon marayan da ba ya iya kare kansa, ya kai rahoton duk wanda aka ɗaure. Kuma tunda kowace nakasa tana da wakili a fada, a ba iyayen waɗannan kujera su ma.

Na biyar, mu kanmu. Iyaye mata su haɗu, ko biyar ne a unguwa, kamar yadda ake haɗuwa a adashi: yau ke ki riƙe mini shi in je asibiti, gobe ni in riƙe miki. Malamin allo da na firamare su bar shi ya zauna cikin yara, ko harafi ɗaya ya koya a wata riba ce. Mai shago da mai injin niƙa da mai gona su ba shi aikin da zai iya, su biya shi kuɗin da za su biya wani. Marubuta da masu shirya fim su daina mai da shi abin dariya tsakanin fage da fage. Mai wayar da ke hannunsa yanzu, in ya ga bidiyon da ake tsokanar irin wannan bawan Allah ana ƙyaƙyata dariya, kada ya tura gaba.

Ranar 21 ga Maris ta masu lalurar Down ce, 3 ga Disamba ta nakasassu baki ɗaya. Za a yi taro a Katsina, a raba hula da riga, a ɗauki hoto. Ba mu hana ba. Amma ma'auninmu wani ne: ranar da saurayi mai raunin fahimta zai shiga asibitin gundumarsu, ma'aikaci ya dube shi ido da ido, ya kira sunansa na yanka, ya tambaye shi ina ke maka ciwo, ya kuma jira amsar komai daɗewarta. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ana iya fara shi gobe da safe.